Sawun Gurguwa

Ranar Juma'a, kafin mutanen Malisa su gama watsewa daga masallaci, labari ya riga su isa gida. An shiga fadamar Malam Salihu da rana tsaka, an kwashe buhu bakwai na albasa da ya ɗinke yana jiran mota, an haɗa da injin ban ruwansa. Duk wanda ya ji sai ya dubi na kusa da shi, don baƙo bai san lokacin da fadamar nan ke zama babu kowa ba.

Mai gari ya aika a kira Bawa Mai Sawu.

Bawa ya haura hamsin, kuma bin sawu gadonsa ne. Mahaifinsa shanu ya bi har ya rasu. Shi kuwa zamani ya sa ya koyi sawun babur da na mota. Da ya iso, ya roƙi jama'a su tsaya bayan bishiyar dogon yaro, ya shiga shi kaɗai yana tafe a sunkuye.

Yashin ya bushe, bai riƙe zanen taya ba. Amma mota ba da zanen taya kaɗai take magana ba. Ƙafar baya ta hagu ba ta kwanta a ƙasa ba, tsalle take yi, ta taɓa nan ta tsallake can. A inda motar ta hau kan magudanar ruwa da kaya a cikinta, gindinta ya daki ƙasa ta hagu, ya yanko laka kamar an sa fartanya.

A duk ƙasar nan mota ɗaya ce aka sani da wannan tafiya, har 'yan tasha suka sa mata suna Gurguwa. Farar Golf ce mai dogon baya, kuma ta ɗansa na fari ce, Tajuddeen.

A gefen magudanar ya hango wani baƙin abu mai tsawon yatsa biyu, da waya ɗaure a jikinsa. Tun kafin ya kai hannu ya gane shi. Bara, da shokozoban bayan Gurguwa, masu hana ta tsalle a rami, suka mutu, sifirin ɗin hagu, murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta, ya kwanta, babu halin saye, shi da kansa ya yanka tiyon ban ruwa gida biyu, ya cusa tsakanin sifirin ɗin, ya ɗaure da waya irin ƙullin da yake wa akuya. Wannan ɗaya ne daga cikin biyun.

Ya taka shi, ya durƙusa kamar mai gyara takalmi, ya jefa shi aljihu.

"Mi ka gani, Bawa?" in ji Basharu, shugaban 'yan banga, daga inda yake tsaye.

"Mota ce," in ji Bawa.

"Ai ko makaho ya san ba jaki ba ne. Wace?"

"Sawu bai gama magana ba tukuna."

Basharu ya tako ya dubi inda laka ta yanku, ya dubi Bawa. Daga cikin taro wani ya faɗa a hankali, yadda kowa zai ji: "Wanga ɗingishi dai mun san shi."

Shekara talatin Bawa na bin sawu, bai taɓa ɗauke ko tsinke daga wurin sata ba. A hanyar gida abin nan ya yi ta dukan cinyarsa. Sati guda ke nan da ya sayar da ragonsa ya ba Tajuddeen kuɗin, ya ce ya tafi Kalgo wurin Albarka bakanike, inda aka ce ana samun 'yan Beljiyam, kayan gyara na hannu daga waje, da sauƙi, ya canza shokozoban nan da sifirinsu. Yaron ya fita ranar Laraba, tun ranar kuma yana ta jigilar kaya tsakanin Jega da Gwandu, bai leƙo gida ba. In ya canza, me ya kawo tiyon nan fadamar Malam Salihu? In bai canza ba, ina ya kai ragon, kuma me ya rage da ba zai iya ba?

Asabar da hantsi Tajuddeen ya shigo gari, bai kai ƙofar gida ba 'yan banga suka tare shi. Aka kulle shi a ɗakinsu da ke jikin gidan Mai gari, aka ajiye motar a fili.

Motar kuwa tana tsaye cak, babu karkata. Bawa ya kwanta a ƙasa ya leƙa. Shokozoban ba nasu na da ba ne. Ya ji numfashinsa ya dawo, amma bai daɗe ba.

"Wayo ne," in ji Basharu. "Ya yi sata da azahar, ya ruga Kalgo ya canza mata ƙafa kafin magariba. Ɗan mai bin sawu ai ya san abin da ubansa ke dubawa."

Mai gari ya ce za a jira zuwa la'asar ta Litinin. In ba a sami wata magana ba, a miƙa shi ga 'yan sanda a Gwandu.

Da uban wani ne, da ya faɗi gaban Mai gari ya roƙa. Amma Tajuddeen ɗan fari ne. A gidan su Bawa ba a kiran sunan ɗan fari, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Tun da aka haife shi "wancan" yake ce masa, da ya fara tuƙi ya koma "Direba". Don haka ya tsaya a gaban Mai gari yana kallon ƙasa, kamar ɗan maƙwabci aka kama.

Sai da mutane suka ragu ya zagaya ta wajen tagar ɗakin. Bai leƙa ba, ya jingina da bango yana fuskantar hanya.

"Direba."

"Na'am, Baba."

"Yaushe aka yi aikin?"

"Ranar Laraba, kafin azahar."

"Tsofaffin fa?"

"Na bar wa Albarka. Ya ce in na bar su zai rage mini kuɗin aiki."

"Ina ka yi Juma'a?"

"A hanya, Baba. Taya ta fashe mini bayan Masama. Ni kaɗai na yi azahar ƙarƙashin wata bishiyar bedi."

"Wa ya gan ka?"

"Allah ya gan ni. Baba, kai ma tambayata kake irin tasu?"

Bawa ya janye bayansa daga bangon ya tafi.

Yinin nan ya bi duk wanda aka ce ya ga wani abu. Inno mai tallar nono ta ce ta hango farar mota mai dogon baya ta gangara fadama, tana rangaji kamar tsohuwa ta ɗauko tulu. Direban fa? "Ina ruwana da direba, Malam Bawa, nonona nike tsaro kada ƙura ta shiga." Fararen motoci irin wannan uku ne a yankin. Ya tafi Dalijan wurin Kamal, mai ta biyu, wanda aka taɓa kamawa da buhun taki ba nasa ba. Ya tarar da motar a kan duwatsu, babu inji, kaza ta yi ƙwai a kujerar baya. Ta ukun ta Muzzammil ce, ɗan ƙanin Malam Salihu, wanda tun safe yake kai da kawowa yana taya baffansa jaje. Shi ya ce ranar Juma'a ko kusa da Malisa bai zo ba, a Kalgo ya wuni.

Muzzammil ɗin ne ma ya ce zai kai Bawa Kalgo ranar Lahadi, tunda hanyarsa ce.

"Baba Bawa, wallahi abin ya dame ni," ya ce da suka wuce Ambursa. "Taju abokina ne. Amma ka san zamani."

Bawa yana kujerar baya, matse tsakanin wata mata da kwandon tumatir. Duk ramin da suka faɗa sai bayan motar ya yi ta lilo, ya ji wani ƙwas a ƙarƙashinsa. Ya ce a ransa duk motocin hanyar nan ciwonsu ɗaya. Hankalinsa na can ɗakin 'yan banga.

Garejin Albarka rumfar kwano ce a bakin titi, ƙasa ta yi baƙi da mai. A jikin bango an jingina shokozoba kusan goma, baƙaƙe wul suna sheƙi. Albarka gajere ne mai yawan dariya, amma da ya ga wanda ya rako Bawa sai dariyar ta gajarce.

"Na yi mashi aiki, ba ƙarya," ya ce. "Masu kyau na sa mashi."

"Wace rana?"

"Kai, Malam, mota nawa ka shigowa nan? Ban riƙe rana ba."

"Juma'a ce da yamma," in ji Muzzammil. "Ina zaune can wurin mai shayi na ga ya shigo a gaggauce. Ban so in faɗa ba, Baba Bawa, don girmanka."

"To, in ya ce Juma'a, Juma'a ce," in ji Albarka yana goge hannun da babu komai a kansa.

"Tsofaffin da ka cire, ina suke?"

"'Yan gwangwan sun saye. Mi za a yi da mushe?"

Bawa ya koma gida da abin da ya fi wanda ya fita da shi nauyi. Yanzu shaida biyu ne a kan ɗansa, ga na uku a aljihunsa. In ya fito da shi, ya ɗaure yaron da hannunsa. In ya bar shi, shi da ɓarawon sun zama abokan sirri. Ya duba ta kowane gefe bai ga ƙofa ba.

Litinin da safe yana zaune a zaure, kokon da aka kawo masa ya huce, matarsa Hassana ta fito riƙe da rigar da ya kwana uku da ita. Idanunta sun kumbura, amma ita ma ba za ta ambaci ɗan fari ba, sai ta huce a kan rigar.

"Malam, mi ka zuba a aljihun nan? Na sa sabulu har sau uku ya ƙi fita. Mutum da girmansa yana yawo da fenti kamar mai gyaran ƙofa."

"Baƙin mai ne."

"Ni ban san mai ba? Shaƙa ka ji."

Ya shaƙa. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya zaro tiyon daga ƙarƙashin tabarma, ya fito da shi rana. Tun da ya ɗauke shi bai yarda ya dube shi da kyau ba, kamar mai gudun haɗa ido da wanda ya cuta. Yana danƙo a hannu. Ya sa farce ya kankare, sai kore ya bayyana. Ai tiyon da ya yanka kore ne. Fenti ne a kansa, har kan wayar, irin na mai wanda ba ya bushewa a jikin roba. Shi bai taɓa shafa masa fenti ba, Direba ma haka.

Sai ya tuna baƙaƙen shokozoban nan masu sheƙi a bangon Albarka. Ya tuna kuma ƙwas ɗin da ya yi ta ji a ƙarƙashinsa har Kalgo, ƙarar da ya shekara yana ji a motar ɗansa.

"Malam, lafiya?"

"Kada ki ƙara wanke rigar nan," ya ce. "Ba ni ita haka."

Bayan la'asar ƙofar gidan Mai gari ta cika. Basharu ya sa an ɗauko Albarka daga Kalgo don ya ba da shaida, kuma Muzzammil ne ya kawo shi, ya ajiye motarsa kusa da ta Tajuddeen. An fito da Tajuddeen an zaunar da shi a ƙasa. Malam Salihu na gefe yana jan carbi.

Bawa ya tako tsakiya sanye da rigar nan mai tabo.

"Ranka ya daɗe, kafin a fara, ina da laifin da zan faɗa. Ranar Juma'a na tsinci wani abu a fadama na ɓoye." Ya ɗaga tiyon. "Ni na yanka shi, ni na ɗaure shi a sifirin ɗin motar wancan. Da na gan shi na gane shi, sai na sa shi aljihu."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Basharu ya ce, "To ai magana ta ƙare." Tajuddeen ya ɗago kai ya dubi mahaifinsa, sannan ya mayar da idonsa ƙasa.

"A bar shi ya kai aya," in ji Mai gari.

Bawa ya miƙa wa Albarka tiyon. "Kai ne mai sana'a. Mene ne wanga baƙi a jikinsa?"

Albarka ya juya shi a hannu. "Kamar fenti."

"Ranar Juma'a da azahar ya faɗi a fadama da fentinsa. Ke nan kafin Juma'a wani ya riga ya cire shokozoban daga Gurguwa ya shafe su. Yaushe ka cire su?"

Albarka ya miƙo masa tiyon ya kau da kai.

Bawa ya je bayan motar Tajuddeen, ya danna ta da hannu biyu ya saki. Ta taso sau ɗaya ta tsaya. Ya matsa bayan ta Muzzammil ya danna ya saki. Ta yi ta lilo, sau uku, sau huɗu, tana ƙwas ta hagu. Wani tsoho a cikin taro ya ce, "Ikon Allah. Gurguwa ta sake gida."

"Basharu," in ji Bawa, "ni hannuna ya riga ya ɓaci a maganar nan. Kai ka sa naka bayan tayar hagu, ka gaya wa mutane abin da ka taɓa."

Basharu ya kwanta, ya daɗe yana kici-kici da waya. Ya fito da hannunsa baƙi, riƙe da wani guntun tiyo. Mai gari ya karɓi biyun ya haɗa bakinsu. Yankan wuƙar ya zauna daidai, har inda ta goce.

Muzzammil ya juya kan Albarka. "Ka ce mini 'yan Beljiyam ne. Ka rantse mini."

"A kuɗin da ka bayar?" in ji Albarka, ya ga babu sauran wurin ɓuya. "Ranka ya daɗe, ranar Laraba na cire su. Na huda na ɗura masu mai, na toshe, na shafe. Ranar Alhamis wanga ya zo yana neman na araha. In na cire robar, sifirin ɗin zai kwanta, sai na bi ta da fenti. Jiya da suka zo tare, ina zan ce ga inda tsofaffin suke, mai su na tsaye? Ha'inci na yi, amma ban san zancen albasa ba."

"Ranar Juma'a fa, ka gan shi a Kalgo?"

"Ban gan shi ba."

Mai gari ya dubi Muzzammil. "Ka ce ko kusa da Malisa ba ka zo ba. To mi ya kai rabin abin da ke ƙarƙashin motarka fadamar baffanka?"

Malam Salihu ya daina jan carbin. Bai ɗaga murya ba.

"Injin dai, ɗana. Albasa ta tafi, na sani. Ina injin? Shuka na can na ƙonewa."

"Shina Dalijan," in ji Muzzammil da ƙyar. "Gidan wani abokina."

Aka tashe shi aka kai ɗakin da Tajuddeen ya fito. Mai gari ya ce maganar Albarka da masu motocin da ya shafa wa fenti daban za a zauna ta. Sannan ya kira Bawa kusa, amma bai rage murya ba.

"Ka fitar da gaskiya, Allah ya saka. Sai dai da fentin nan ya bushe, da har yanzu abin na aljihunka. Daga yau in an kira ka sawu, mutum biyu za su bi bayanka."

"Daidai ne, ranka ya daɗe," in ji Bawa. Sunan da mahaifinsa ya bar masa ke nan aka rage wa tsawo a gaban gari, kuma bai ga wanda zai ba laifi ba.

Gida ba nisa, amma Tajuddeen ya buɗe masa ƙofar gaba, ya shiga. Suka bi ta hanyar bayan kasuwa mai yawan ramuka. Motar na haye su ba ko ƙara. A haka har suka hango ƙofar gida, Hassana na tsaye a bakin zaure tana yi kamar kaji take nema.

Tajuddeen ya kashe mota bai fita ba.

"Baba, lokacin da ka sa shi aljihu, ka ɗauka ni ne?"

Bawa ya dubi tabon da ke jikin rigarsa. Ƙarya ɗaya ta ishe shi a sati.

"Na ɗauka kai ne."

Tajuddeen ya gyaɗa kai a hankali, hannunsa na kan sitiyari. "Kuma ka ɓoye."

"Na ɓoye."

Yaron ya buɗe ƙofa ya sa ƙafa ɗaya waje. Bawa ya waiga hagu da dama, babu kowa kusa.

"Tajuddeen," ya ce. Sunan ya fito masa da nauyi, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. "Gobe ka koma Kalgo ka karɓo duk wani tsohon ƙarfe naka da ya rage can. Abin da ka cire daga motarka, gida ake kawo shi."